Yaya ake zana tashin Yesu daga matattu alhali babu wanda ya ga lokacin?

Mai_Burushi_Kagoro:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai bangon bayan bagade, faɗi mita 4, tsayi mita 3, sabuwar filastar siminti, kwamitin ikkilisiya suna so a zana tashin Ubangiji a kai kafin Ista. Ga inda na tsaya: Matiyu 28, Markus 16, Luka 24 da Yahaya 20, babu ko ɗaya da ya faɗi yadda ya fito daga kabarin. Duka sun ɗauko labarin ne bayan abin ya riga ya faru. To me mai zane zai zana? Wannan hoton na kalanda, mutum yana shawagi bisa akwatin dutse da tuta a hannu, daga ina ya fito, kuma ya dace a bi shi? Ina neman shawarar masana Littafi da ta masu aikin hannu.

Katikis_Bulus:
Ka karanta daidai, ɗan'uwa. Wanda ya fi matsowa kusa shi ne Matiyu 28:2-4: girgizar ƙasa, mala'ika ya sauko ya mirgine dutsen ya zauna a kai, matsara suka zama kamar matattu. Amma ko a nan bai ce Yesu ya fito a wannan lokacin ba. Da matan suka iso kabarin ya riga ya zama wayam. Shi ya sa malaman ikkilisiya da dama suka fahimta cewa an mirgine dutsen ne domin matan su shiga su gani. Rubutun da ya kwatanta fitowar kanta shi ne wanda ake kira Bisharar Bitrus, da aka samu guntunsa a Akhmim ta Masar wajen 1886, kuma ikkilisiya ba ta karɓe shi cikin Littafi Mai Tsarki ba.

Malama_Rahila:
Kiristocin farko ma sun kauce wa zana fitowar, kuma sun daɗe suna kaucewa. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma, Yunusa ne ke tsayawa a madadin tashin, kifi ya haɗiye shi ya amayar da shi, bisa Matiyu 12:40. A kan wani akwatin gawa na dutse na wajen shekara ta 350, wanda ke gidan tarihi na Batikan yanzu, abin da aka sassaƙa gicciye ne babu kowa a kai, a samansa haruffa biyu na farkon sunan Almasihu cikin Girkanci a tsakiyar kambin ganye, a ƙarƙashinsa sojoji biyu a zaune. Shi ke nan. Sai kuma matan a bakin kabari da mala'ika, kamar yadda yake a littafin Bisharu na Rabbula da aka gama rubutawa da Suriyanci a 586.

Yesu yana ɗaga ƙafa yana fitowa daga akwati, wannan ya bazu ne a Yammacin Turai wajen ƙarni na 12. Mai shawagi a sama ya zo daga baya, a Italiya cikin ƙarni na 14. Na kalandarka jikan waɗannan ne. Tutar fara mai jan gicciye alamar nasara a kan mutuwa ce, babu ta a cikin nassi.

Ɗan_Wusasa:
Kafin a kai ga wane hoto, Malam, yaushe aka yi filastar? Siminti yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau shi. Yanki leda mai faɗin santimita 50 kowane gefe, ka manne ta a bangon da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba. In farin gishiri yana fitowa, goge shi da busasshen burushi mai tauri, kada ka sa ruwa, ruwan zai narkar da shi ya mayar ciki. Bayan haka firaima, wato shafin farko kafin fenti, mai jure wa kaifin siminti, shafi biyu, wajen lita 3 zai ishi murabba'in mita 12 ɗinka. Kada ka ɗora fentin mai kai tsaye a kan siminti. Kaifin simintin yana cin man, ya mai da shi kamar sabulu, fentin ya yi laushi ya ɓare. Akirilik za ka yi amfani da shi. Sannan ka tuna gwajin leda a rani ba ya nuna abin da damina za ta yi, don haka ka zagaya bayan ginin ka duba ko ruwan kwano yana zuba a jikin wannan bangon.

Fasto_Ishaku:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaya ba. Fitowa 20:4-5 fa, da ta hana yin siffa a yi mata sujada? Mu da muka taso a koyarwar gyaran ikkilisiya ba mu ɗauki wannan da sauƙi ba. A Zurik an kwashe hotuna daga majami'u a 1524, kuma Katikisim na Haidalbag na 1563, a tambaya ta 98, ya amsa cewa Allah yana so a koyar da jama'arsa ta wurin wa'azin Maganarsa, hotuna ba za su zama littattafan jama'a ba. Damuwata ta fi ƙarfi a kan jikin tashi. Maryamu Magadaliya ta zaci mai lambu ne, mutanen hanyar Imuwasu sun yi tafiya da shi ba su gane shi ba. In waɗanda suka san shi sun kasa, fuskar wa mai zane zai sa? Gicciye babu kowa a kai ya riga ya ce ya tashi.

Fada_Mikailu:
Ranka ya daɗe Fasto, tambayarka tana kan hanya, kuma ikkilisiya ta sha fama da ita fiye da shekara ɗari, tun daga wajen 726 har 843. Amsar Yahaya na Dimashƙu ita ce: a dā ba a zana Allah domin ba a ganinsa, amma da Kalman ya zama mutum (Yahaya 1:14), ana iya zana abin da ido ya gani. Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta raba tsakanin girmamawa, wadda ke wucewa daga hoton zuwa ga wanda aka zana, da sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai. Tun kafin nan ma, majalisar Turullo ta 692 a doka ta 82 ta ce a riƙa zana Almasihu da siffar mutum maimakon ɗan rago, don kada jama'a su manta ya ɗauki jiki na gaske. Martin Luta kansa, jagoran gyaran ikkilisiya, bai yarda da farfasa hotuna ba, ya koma Witinbag a 1522 ya tsawata wa masu yi.

Inda zan tsaya tare da kai shi ne zana Uba. Mai_Burushi, kada ka sa tsoho mai farin gemu a cikin gajimare a saman hoton. Yahaya 1:18 a fili yake: ba wanda ya taɓa ganin Allah. Majalisar Mosko ta 1667 ta hana wannan a wajen Otodoks. In ana son nuna aikin Uba, tsohuwar hanya ita ce hannu kaɗai yana fitowa daga sama, ko haske.

Fasto_Ishaku:
Na ji, Fada. Bambancin girmamawa da sujada yana da tsabta a takarda, a zuciyar mai durƙuso ne yake da wuya. Amma bangon ba na majami'ata ba ne, ku ci gaba.

Hanatu_Aikon:
Akwai hanyar da ba a ambata ba, ta ikkilisiyar Gabas. Su ba sa zana fita daga kabari a matsayin hoton Ista, suna zana saukarsa wurin matattu. Wanda ya fi shahara yana tsohuwar majami'ar Kora a Istanbul, aikin wajen 1320. Yesu cikin fararen tufafi, ƙafafu a buɗe kamar mai jan kaya mai nauyi, yana fizgo Adamu da hannu ɗaya, Hauwa'u da ɗaya. Ku lura da riƙon: a wuyan hannu ya kama su, hannayensu a sake suke. Wanda aka riƙe a wuyan hannu ba shi ke riƙe da mai cetonsa ba, jawo shi ake yi. Masu kwaikwayo da yawa suna ɓata wannan, su mai da shi musafaha, ma'anar ta tafi. Ƙarƙashin ƙafafunsa ƙyamaren ƙofa ne a karye, da kwaɗuna da makullai da ƙusoshi a warwatse cikin duhu. Nassoshin da ake jingina shi a kai su ne 1 Bitrus 3:19 da Zabura 107:16.

A kewaye da jikinsa akwai haske mai siffar ƙwai, hawa uku na shuɗi. A aikon da yawa, wato hotunan ibada na ikkilisiyar Gabas, tsakiyar ce ta fi duhu, gefen ya fi haske, akasin fitila, don a nuna wannan haske ba irin na duniya ba ne. Da'irar hasken da ke kewaye da kansa kuma ita kaɗai ke da gicciye a ciki. Kada a sa wa mala'ika ko waliyyi irinta.

Yaro_Mai_Fenti:
Anti Hanatu, yaya ake auna girman da'irar kan? Tawa kullum tana fitowa kamar faranti a bayan kai.

Hanatu_Aikon:
Da tsawon hanci ake aunawa, ƙanena. Tsakiyar da'irar tana tsakanin girare, inda hanci ya fara. Tsawon hanci ɗaya daga nan ya ba ka fuska, biyu ya ba ka kewayen kai da gashi, uku ya ba ka da'irar. A bango, kafa ƙaramar ƙusa a wannan tsakiyar, ka ɗaura zare da fensir ka zagaya. Taka tana zama faranti ne don kana sa tsakiyarta a bayan ƙeya ko kana karkata ta.

Baba_Dauda_Zane:
Ni a ganina wahalar wannan aiki duka tana wurin haske. Matiyu ya ce kamannin mala'ikan kamar walƙiya, tufafinsa fari fat. Mai zane kuwa ba shi da abin da ya wuce farin fenti, kuma farin fenti ba ya haske, bangon da ke gefensa ma fari ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba fari da rawaya ko'ina, hoton ya fito kamar an wanke shi da bilic.

Ga yadda ake yi. Haɗa matakai tara daga baƙi zuwa fari a kan kwali, 1 baƙi, 9 fari zalla. Mafi yawan bangon, kamar kashi huɗu cikin biyar, ya zauna tsakanin 2 da 5. Rigar Yesu ta zauna a 7 da 8, inuwar lanƙwasarta ta zama shuɗi-shuɗi ko ruwan shunayya mai sanyi, kada ka yi ta da baƙi, za ta yi datti. Mataki na 9 ka ajiye shi don wurare kaɗan, kafaɗa, gefen goshi, bakin likkafani. Sa mafi duhun wuri, wato bakin kabarin, daf da mafi hasken wuri. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka gwada kowane haɗi a kwali ka jira minti goma kafin ka yanke hukunci. A zafin Maris yana bushewa a kan burushi, ka ajiye kwalbar fesa ruwa kusa.

Duba abin da Grünewald ya yi a allon bagaden Isenheim tsakanin 1512 da 1516, yana Kolmar ta Faransa yanzu. Sararin baƙi ne ƙirin da taurari. Babbar da'ira ce ta tashi daga rawaya a tsakiya zuwa ruwan goro zuwa shuɗi-kore a baki, fuskar tana narkewa cikin rawayar har da kyar ake raba su. Likkafanin ya biyo shi sama yana sauya launi daga fari zuwa shuɗi zuwa ja. An yi shi ne don asibitin 'yan zuhudu masu jinyar mutanen da cutar gurɓataccen hatsi ke cin fatarsu. A wani ɓangaren allon, jikin da ke kan gicciye cike yake da miyaku. Majinyacin da ya ga wancan jikin, shi ne ke ganin wannan fatar ta tashi sumul, raunukan gicciye kaɗai suka rage.

Malama_Rahila:
Baba, na yarda da maganar haske, amma na Isenheim yana da haɗarinsa. In jikin ya narke da yawa sai ya zama kamar fatalwa, alhali a Luka 24:39-43 ya ce su taɓa shi su gani, har ya ci gasasshen kifi a gabansu. Piero della Francesca a Sansefolkiro, wajen shekarun 1460, ya bi ɗaya hanyar: jiki mai nauyi, ƙafa ɗaya a kan bakin akwati, idanu suna kallonka kai tsaye, hasken asuba kawai. Dabararsa tana wurin mahangar ido. Sojoji huɗun da ke barci ana ganinsu kamar daga ƙasa, shi kuwa ana ganinsa gaba da gaba, don haka ido yana jin ba a ƙarƙashin doka ɗaya suke ba, ko da mai kallo bai san dalili ba. Itatuwan hagu babu ganye, na dama sun yi kore.

Injiniya_Luka:
Gyara ɗaya a kan kabarin. Akwatin dutse mai murfi na Turai ne. Na Urushalima a wancan zamani ɗaki ne da aka fafe cikin dutse, ƙofarsa ƙarama ƙasa da mita ɗaya, shi ya sa Yahaya 20:5 ya ce ya sunkuya ya leƙa. A ciki akwai dakali inda ake shimfiɗa gawa. Babban dutsen nan mai kama da taya ma ba shi ne aka saba ba. Masanin tono Amos Kloner ya nuna cewa cikin kaburbura fiye da 900 na zamanin a kewayen Urushalima, huɗu kaɗai ke da irinsa, sauran toshi ne mai kusurwa. Matiyu, Markus da Luka dai sun ce "mirgine", don haka mai zagaye ba laifi ba ne, amma kada ƙofar ta kai tsayin mutum. Likkafanin lilin ya kwanta a dakalin, mayafin kai a naɗe a gefe shi kaɗai, kamar yadda Yahaya 20:7 ya faɗa.

Katikis_Bulus:
A kan wannan zan ƙara: zaɓi Bishara ɗaya ka bi ta. Matiyu, mata biyu da mala'ika ɗaya a kan dutse. Markus, mata uku da saurayi a zaune a dama cikin kabarin. Luka, mutum biyu masu tufafi masu ƙyalli. Yahaya, Maryamu ita kaɗai da mala'iku biyu, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙafa. In ka gauraya, masu karatu a ikkilisiyar za su gani. Babu wanda ya ambaci fikafikai a cikin huɗun, masu zane ne suka fara sa wa mala'iku a ƙarshen ƙarni na 4.

Talatu_Mubi:
Ni tambayata fuska ce. Farar fata da gashi mai santsi da muke gani a gidaje, da yawansu sun biyo hoton da Warner Sallman ya yi a Amurka a 1940. Ba dole ba ne. A arewacin Kamaru a shekarun 1970, jama'ar Mafa sun riƙa kwaikwayon labaran Bishara a ƙauyukansu, aka ɗauki hotuna, aka zana daga gare su, kowa baƙi cikin tufafi da gidajen wurin. Habasha kuwa ɗaruruwan shekaru ke nan suna zana shi da nasu salon, manyan idanu, kuma hotonsu na tashi ya haɗa biyun da ake muhawara a kai, ga tuta ga Adamu da Hauwa'u.

Malam_Sani_ABU:
Ni Musulmi ne, a wajenmu ba a zana annabawa, kun sani, don haka ba zan ce komai a kan wace siffa ba. Ta fuskar tarihin fasaha dai, a ƙara da wurin aikin Oye-Ekiti da Fada Kevin Carroll ya jagoranta daga 1947 zuwa 1954, inda masassaƙan Yarbawa suka yi labaran Littafi da salonsu. Lamidi Fakeye da ya yi suna a wannan aiki Musulmi ne. Bruce Onobrakpeya ma ya yi tashoshin hanyar gicciye a Legas a ƙarshen shekarun 1960 da mutane cikin tufafin Najeriya. Shawarata ɗaya: irin wannan hoto ya zauna a ciki, kamar yadda kuka tsara. A bangon waje mai fuskantar titi a garin da ake zaune tare, alama ko rubutu ya fi kawo zaman lafiya.

Ɗan_Wusasa:
Haka ne Malam. Majami'ar Bartalamawus ta Wusasa da aka gina a 1929 ginin ƙasa ce irin na Hausa, kuma ba ta rasa kwarjini ba. Gefen hoton ma ana iya zagaye shi da zanen magina na gida.

Mama_Saratu:
Fata baƙa ko ta Bayahuden Gabas ta Tsakiya, kwamitin su yanke tun a takarda. Abin da ba a sasantawa a kai shi ne raunukan. Guda biyar, hannu biyu, ƙafa biyu, da kwiɓi. Ba jini mai zuba, tabo ne a buɗe mai tsabta, ja mai duhu da ɗan haske a bakinsa. Yahaya 19:34 bai faɗi wane gefe ba, al'ada ta sa shi a damansa bisa Ezekiyel 47, wato hagunka kai mai kallo. Nan ake yawan juyawa. In an manta raunukan, hoton ya koma na sāke kamanninsa a kan dutse ko na hawansa sama.

Baba_Dauda_Zane:
Maganar Mama ta tuna mini da bagaden. Tebur da kyandir da mai hidima za su rufe wajen mita 1.2 na ƙasan bangon. In ka tsayar da mutum mai tsayin mita 2 daga ƙasa, raunukan ƙafa sun ɓace. Ko ka rage shi zuwa mita 1.6, kai santimita 20 sau takwas, ka ɗaga shi kan dutse, ko ka bar ƙasan ya zama duhun ƙasa da matsara. Yi zanen gwaji a takarda mai santimita 40 da 30, ka raba shi gida-gida na santimita 2, a bango kowane gida ya zama 20, ka buga layukan da zaren magina da garin alli. Zana da gawayi, ka je kujerar ƙarshe ka duba kafin fenti ya taɓa bango. Abin da ba a gane shi daga can ba, ka ƙara masa girma ko ka cire shi.

Yaro_Mai_Fenti:
Fentin zinariya na gwangwani zai yi wa da'irar?

Hanatu_Aikon:
Garin tagulla ne, yana komawa kore-kore ko ruwan ƙasa, musamman inda akwai danshi. Ganyen zinariya na gaske mai karat 23 ba ya sauyawa amma yana da tsada kuma yana son wuri sumul. A filasta gara rawayar ƙasa da ɗan fari, da jan layi siriri a bakinta.

Mai_Burushi_Kagoro:
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Filastar kwana 19 ke nan, zan jira, zan kuma yi gwajin ledar. Yanzu hankalina yana tsakanin biyu: Yahaya 20:16, lokacin da ya kira Maryamu da sunanta, kabarin a buɗe a bayansu da likkafani a ciki, ko kuwa matan da mala'ika na Markus ba tare da Yesu a hoton ba. Kwamitin dai sun fi son a gan shi.

Fasto_Ishaku:
Na biyun ya fi kusa da abin da Markus ya rubuta. Eugène Burnand a 1898 ya zana Bitrus da Yahaya kawai suna gudu da asuba, babu kabari babu Yesu, kuma duk wanda ya kalli fuskokinsu ya san labarin da suka ji.

Fada_Mikailu:
Bayan bagade, inda ake keɓe gurasa, ni zan so a gan shi. Na Maryamu yana da nassi a bayansa, babu abin da aka ƙirƙira. Imuwasu ma, inda aka gane shi wurin gutsuttsura gurasa, ya dace da wurin.

Malama_Rahila:
In ka ɗauki na Maryamu, tazarar da ke tsakanin hannunta da rigarsa ita ce ido zai fara nema, saboda aya ta 17, inda ya ce mata kada ta riƙe shi. Kamar tafin hannu ɗaya ta isa. Ka sa bakin kabarin mai duhu ya faɗo daidai bayan wannan tazarar don a gan ta daga kujerar ƙarshe, kuma hasken ya zo daga gefen da tagar majami'ar take. Tagar tana hagu ne ko dama?